Tarihin Walpole Muke So, Ba Kirarinsa Ba

Duk ɗalibin da aka tambaya wane ne Firayim Ministan Birtaniya na farko, zai garzaya kundin ilmi ya dawo da suna ɗaya: Robert Walpole. An haife shi a 1676, ya riƙe ragamar mulki daga 1721 zuwa 1742, ya mutu a 1745. Shi ke nan, an naɗe tabarma. Ni kuwa a ganina wannan bai kai a kira shi tarihi ba, kuma masu tinƙahon suna inganta shi ta hanyar ƙara kwanan wata da sunayen 'ya'ya da jikoki, yaɓe suke yi wa katangar da gindinta ya zaizaye.

Mu fara da laƙabin kansa. A zamanin Walpole babu wani muƙami a dokar ƙasar mai suna Firayim Minista. Shi dai shugaban Baitulmali ne. Kalmar kuwa gori ce a bakin abokan hamayyarsa, wato mutumin da ya handame ikon Sarki shi kaɗai. A 1741, lokacin da aka kawo ƙudurin kawar da shi a majalisa, da bakinsa ya musanta cewa shi ne wannan abu. Sai a 1905 aka shigar da muƙamin cikin jerin manyan muƙaman ƙasa a hukumance. To, ina adalcin marubucin da zai rataya wa mutum rawanin da ya ƙi, sa'annan ya ƙi gaya wa mai karatu cewa ya ƙi shi?

Abin da ya fi wannan muni shi ne yadda ake tsallake tambayar da ta fi kowace: da me ya riƙe mulki shekara 20 da ɗoriya? A 1712 majalisa ta kore shi, aka tsare shi a Hasumiyar Landan bisa zargin cin hanci, ko da yake akwai hannun siyasar jam'iyya a ciki. A 1720 hannun jarin kamfanin South Sea ya rushe, dubban mutane suka tsiyace, shi ne kuma ya kare manyan fada daga bincike, har aka yi masa laƙabi da labule. Wannan kamfani, kada mu manta, shi ne ya riƙe kwangilar kai bayi 4,800 duk shekara daga Afirka zuwa yankunan Sifaniya da ke nahiyar Amurka. Sau da yawa ana ba da labarin asarar attajiran Landan dalla-dalla, a bar waɗancan bayin Allah a layi ɗaya, in ma an tuna da su. Daga nan ya gina mulkinsa kan rabon muƙamai da fansho ga 'yan majalisa: wanda ya bi ya sha romo, wanda ya ƙi ya ga ƙofa.

Mu kuma marubuta muna da tamu ƙullalliyar da shi. Da wasannin kwaikwayo irin na John Gay da Henry Fielding suka dame shi da zambo, sai ya sa aka kafa dokar 1737, wadda ta tilasta a kai sabon wasa gaban wani babban jami'in fada ya tace kafin a nuna shi. Ba a soke wannan tacewa ba sai a 1968. Shekara 231 ke nan ana ɗaure bakin alƙalami, saboda mutum ɗaya ba ya son a yi masa dariya.

Na san za a ce ai ya yi abin kirki. Haka ne. Ya kauce wa yaƙi har zuwa 1739, ya daidaita kuɗin ƙasa, kuma da Sarki Joji na Biyu ya ba shi gida mai lamba 10 a titin Downing, ya ƙi karɓarsa a matsayin kyauta, ya ce a mallaka wa muƙamin. A rubuta wannan, ban hana ba. Amma a rubuta kusa da shi cewa bayan saukarsa a 1742 majalisa ta kafa kwamitin binciken mulkinsa, aka gano an biya marubuta da masu buga jaridu sama da fam 50,000 daga kuɗin gwamnati cikin shekara 10, su yabe shi.