Sharhi: Kada a raba yaro mai nauyin baki da harshen uwarsa

A biranen Manchester da Birmingham na ƙasar Ingila, inda baƙi daga Afirka da Asiya suka yi kaka-gida, akwai wata shawara da ke yawo a tsakanin iyaye: idan yaro ya kai shekara 3 bai buɗe baki ba, wai a daina yi masa Hausa a gida, a koma Turanci zalla don kada a rikita shi. Wannan shawara kuskure ce, ko da kuwa da kyakkyawar niyya ake ba da ita.

Ƙungiyar ƙwararrun masu koyar da magana ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1945, ta daɗe tana cewa jin harsuna biyu ba ya jawo tawayar magana, kuma kamata ya yi a auna yaro cikin harshen da yake ji a gida. A nan ne mataimaka masu jin harsunan baƙi ke da rana. Ƙwararriyar da ba ta jin Hausa ba za ta iya bambance yaron da bai saba da Turanci ba da wanda ke da larurar gaske ba, sai da wanda zai zauna a gefenta yana saurare.

Binciken da Farfesa Jonathan Green na Jami'ar Manchester ya jagoranta, wanda aka buga a 2010, ya ƙara fito da batun fili. An ɗauki yara 152 masu galahanga, kuma a wajen rabinsu iyaye aka koyar: a ɗauki hoton bidiyon uwa tana wasa da ɗanta, sannan a zauna da ita a nuna mata inda ya yi yunƙurin isar da saƙo ba ta lura ba. Da aka sake duba yaran, rahoton 2016 ya nuna amfanin bai gushe ba. To, uwar da aka hana ta harshenta, da wane baki za ta yi wannan wasa?

A Birmingham kuwa, sufetocin gwamnati sun sami babban giɓi a hidimar yara masu buƙata ta musamman a 2018, a 2023 kuma majalisar birnin ta bayyana cewa asusunta ya gaza. Inda kuɗi suka yi ƙaranci, jira kan yi tsawo. Kafin layi ya zo kan yaro, uwa da kaka ne kaɗai ke gabansa kullum, da tatsuniya da wasan "ina hancinka?", kuma da Hausa suka iya su.