Wace Ƙaramar Bindiga Ta Dace da Malami? Babu Ko Ɗaya

'Yan'uwa malamai, tun da kwasar ɗalibai ta zama sana'a a ƙasar nan, wata muhawara ta kutso ɗakunan hutunmu. Da farko ana tambaya ne ko ya kamata malami ya riƙe makami. Yanzu wasunmu sun tsallake wannan, sun koma tambayar wacce za su saya. Faya-fayan bidiyo daga Amurka suna yawo a wayoyi, ana kwatanta Glock 19 mai cin harsashi 15 da libarba mai cin biyar ko shida, ana bayanin wacce ta fi sauƙin ɓoyewa a ƙugu da wacce ta fi dacewa da ajiya a ɗakin kwana. Har an samu masu cewa babbar riga ta fi kwat rufa asirin makami. Tsoron da ya haifi wannan zance na gaskiya ne, ba kuma zan raina shi ba. Amma shawarar da ya haifa guba ce, kuma wajibi ne a faɗa tun kafin wani daga cikinmu ya sayar da gonarsa ya sayo wa kansa ɗauri.

Mai yin bidiyon nan yana magana ne daga ƙasar da tsarin mulkinta ya ba shi 'yancin mallakar bindiga. Mu kuwa Dokar Makamai ta 1959 ce ke kanmu, kuma ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka irin ta maharba tana buƙatar izinin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Bindigar farauta tana buƙatar lasisin Sufeto Janar. Fistol da libarba kuwa an jera su ne a sahun makaman da aka haramta, tare da mashinga da gurneti, kuma Shugaban Ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu. Wanda aka kama da ɗaya babu wannan takarda yana fuskantar ɗaurin shekara goma. Saboda haka duk wanda ya ce zai samo maka fistol, daga kasuwar bayan fage zai samo ta, ko daga hannun maƙerin da ya harhaɗa ta a ɓoye. Ba ka san ran wa aka ɗauka da ita ba kafin ta zo hannunka. Ranar da aka tsayar da kai a shingen bincike, katin ƙungiya ba zai fitar da kai ba, kuma aiki da fansho duk sun tafi.

Wani zai ce ai gwamnoni da kansu sun yi umarni. Haka ne. A 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya yi kira ga mutanen Katsina su nemi makamai su kare kansu. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce za ta raba fom 500 ga kowace masarauta cikin masarautu 19 na Zamfara domin neman lasisi. Ba a yi kwanaki ba Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Gwamnan da ya yi furucin yana da rigar kariya da ayarin 'yan sanda. Malamin da ya bi furucin shi kaɗai zai tsaya gaban alƙali.

A ajiye doka a gefe, a dubi aikin makamin kansa. An ƙera ƙaramar bindiga ne domin arangama da mutum ɗaya ko biyu a tazarar 'yan taku. Waɗanda suka shiga Ƙanƙara a Disambar 2020 suka kora yara sama da 300 cikin daji, da waɗanda suka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe cikin dare a Fabrairun 2021, sun zo ne da yawa a kan babura, ɗauke da AK-47 mai cin harsashi 30, wadda ke kaiwa mita ɗari uku. A Birnin Yawuri, a Yunin 2021, akwai 'yan sanda masu manyan bindigogi a makarantar, amma aka fi ƙarfinsu aka kashe ɗaya. To malamin lissafi da fistol a aljihu, da yara saba'in suna ihu a bayansa, me zai yi? Wani bincike da cibiyar RAND ta yi kan 'yan sandan New York, mutanen da harbi ke cikin aikinsu kuma ake horar da su a kai a kai, ya nuna cewa a musayar wuta kashi 18 cikin ɗari kacal na harsasansu ke samun wanda aka nufa. Ragowar suna tafiya wani wuri. A cikin aji, wani wurin nan ɗalibi ne.

Akwai kuma abin da masu wannan ra'ayi ba sa son lissafawa. Ɓarayin daji suna da masu kai musu rahoto a garuruwa. Ranar da labari ya bazu cewa malamai suna ɗauke da makamai a ɓoye, kowane malami ya zama abin harbi tun daga ƙofar makaranta, har da wanda bai taɓa riƙe komai ba sai alli. Gidansa ma ya zama wurin da za a zo neman bindiga.

Ba mu ne farkon waɗanda aka yi wa wannan tayi ba. Bayan kisan gillar da aka yi a makarantar sojoji ta Peshawar a Disambar 2014, inda aka hallaka yara sama da 130, gwamnatin lardin Khyber Pakhtunkhwa a Pakistan ta yarje wa malamai su shiga aji da bindiga. Cikin watanni kaɗan, a Yunin 2015, wani malami a garin Mingora yana goge fistol ɗinsa a makaranta ta tashi, ta kashe ɗalibi ɗan firamare. Adalci ne in kawo ɗaya ɓangaren. A Janairun 2016, da aka kai hari Jami'ar Bacha Khan, wani malamin kimiyyar sinadarai mai suna Syed Hamid Hussain ya zaro fistol ya tunkari maharan, ɗalibai kuma sun shaida cewa ya ba wasunsu damar tsira. Jarumi ne, Allah ya jiƙansa. Amma an kashe shi, an kuma kashe kusan mutum ashirin tare da shi. Gwamnatin da ta ɗora tsaron makarantunta a kan samun irin wannan jarumi a kowane aji ta riga ta yanke shawarar yawan malaman da za ta iya rasawa.

A Amurkan ma, inda bidiyon ya fito, manyan ƙungiyoyin malamai biyu na ƙasar, NEA da AFT, suna adawa da ba wa malamai makami. Jihar Ohio ta rage horon da ake buƙata daga sa'o'i kusan 700 zuwa 24 a 2022, Tennessee kuma ta yi doka a 2024 da ta ba malami damar ɓoye bindiga a makaranta ba tare da an sanar da iyaye ba. Duk wannan a ƙasar da jami'an tsaro 376 suka taru a makarantar Uvalde suka yi minti 77 kafin su shiga ajin da aka kashe yara 19 da malamai biyu. Matsalar ranar ba ƙarancin bindiga ba ce.

Batun ajiye ta a gida shi ya fi damuna, domin wannan takarda iyalanmu ma suna karanta ta. Bindigar da za ta yi amfani cikin dare dole ta kasance da harsashi a ciki, kuma kusa da hannu. Bindigar da ba za ta cuci yara ba dole ta kasance a kulle, harsashinta a wani wuri dabam. Ba a haɗa biyun. Masu bidiyo suna warware wannan da akwatin ƙarfe mai buɗewa da zanen yatsa. Mu da muke zaune ɗaki biyu da falo, da 'ya'yanmu da 'ya'yan riƙo da na maƙwabta suna shiga suna fita, wane lungu ne yaro ɗan shekara bakwai bai sani ba? A Janairun 2023, a garin Newport News na jihar Virginia, yaro ɗan shekara shida ya ɗauki fistol ɗin mahaifiyarsa ya je makaranta ya harbi malamarsa a cikin aji. Wani bincike da aka buga a 1993 a mujallar likitanci ta New England ya gano cewa gidan da ke da bindiga ya ninka wanda ba shi da ita kusan sau uku wajen haɗarin a kashe wani a cikinsa, kuma galibi ɗan gida ne ko sananne ke yin kisan. Ku haɗa wannan da halin da muke ciki na bashi, da jinkirin albashi, da saɓanin da babu gidan da ya rasa. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne wanda wannan muhawara take yi wa aiki. Sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora tsaro da walwalar jama'a a kan gwamnati a matsayin babban dalilin kafa ta. Najeriya ta rattaba hannu kan Yarjejeniyar Kare Makarantu, har ta karɓi baƙuncin taronta na duniya a Abuja a Oktoban 2021. A Disambar 2022 aka ƙaddamar da shirin kashe naira biliyan 144.8 kan tsaron makarantu daga 2023 zuwa 2026. Bayan haka aka yi Kuriga a Maris 2024. Bayan haka aka yi Maga a Nuwambar 2025, inda aka kashe mataimakin shugaban makaranta aka tafi da 'yan mata 25, kuma Gwamna Nasir Idris, tsohon shugaban ƙungiyarmu na ƙasa, ya fito yana tambayar wanda ya ba sojoji umarnin janyewa ƙasa da awa guda kafin harin. Wannan ita ce tambayar da ta cancanci bakinmu. Duk sa'ar da muka ɓata muna gardamar Glock da libarba, sa'a ce da wanda ya kamata ya amsa ta ya samu ya huta.

Ina roƙon shugabannin reshe su sa wannan batu a ajandar taro mai zuwa, kuma kowane wakili ya zo da bayanin makarantarsa a rubuce: ko tana da katanga, ko waya tana samun sabis a harabarta, nisan ofishin 'yan sanda mafi kusa, da ranar da jami'in tsaro ya taka ta na ƙarshe. A haɗa wannan a kai wa hukumar ilimi da majalisar dokokin jiha, a nemi su bayyana nawa jiharmu ta samu ko ta ware daga kuɗin tsaron makarantu, da inda aka kashe shi. A kuma tsayar da matsaya cewa makarantar da aka samu sahihin rahoton barazana a kanta, malamanta za su janye zuwa wuri mai aminci da cikakken albashinsu, ƙungiya kuma za ta tsaya wa duk wanda aka yi wa takardar tuhuma a kan haka.