Tutar Rasha Ba Ta Sauko da Farashin Taki

A watan Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, an ga matasa a Kano da Kaduna suna ɗaga tutar Rasha. Kukansu gaskiya ne, domin cire tallafin man fetur a 2023 ya taɓa kowa, tun daga ma'aikacin ofis a Zariya har manomin rake a Maƙarfi da mai noman tumatir a Ikara da Kudan. Abin takaici shi ne yadda wasu masu ilimi suka riƙa ɗaure wa tutar gindi a majalisun hira daga Kaduna har Saulawa, wai Mosko ce gatan raunana; wasu kuma suka rantse cewa sai Washinton. Duka ɓangarorin biyu ba su tsaya sun dubi asalin wannan gaba ba.

Amurka da Tarayyar Sobiyet tare suka yaƙi Hitila. Da aka gama yaƙin a 1945, sai aka raba Jamus kashi huɗu tsakaninsu da Ingila da Faransa. Sobiyet ta yi asarar mutane kusan miliyan 27, don haka Stalin ya ƙudura cewa ƙasashen da ke tsakaninsa da Jamus dole su zama katangarsa, ko mutanensu sun so ko sun ƙi. Ita kuwa Amurka tsoronta shi ne yunwa ta jefa Yammacin Turai hannun 'yan kwaminis. A 1947 Shugaba Truman ya yi shelar tallafa wa Girka da Turkiyya, sannan Shirin Marshall ya biyo baya da kimanin dala biliyan 13. A watan Yunin 1948 Stalin ya toshe hanyoyin shiga Yammacin Balin, aka yi kusan shekara ana kai abinci da gawayi ta jirgin sama. Ana cikin haka ƙasashe 12 suka kafa NATO ranar 4 ga Afrilu, 1949. Da Jamus ta Yamma ta shiga ƙungiyar a watan Mayun 1955, ba a yi mako biyu ba Sobiyet ta haɗa ƙasashe takwas a Ƙawancen Waso. Yaƙin Cacar Baka ke nan: tsoro ne ya haife shi, kuma a kan Jamus aka haife shi. Babu wanda ya zauna a teburin nan yana tunanin talakan Afirka.

Yadda kowane ƙawance ya riƙi ƙananan ƙasashe shi ne babbar shaida. NATO tana kiran kanta garkuwar 'yanci, amma cikin waɗanda suka kafa ta akwai Fotugal ta Salazar, wadda ta yi shekaru tana yaƙar masu neman 'yanci a Angola da Mozambik da Gini Bisau. Sobiyet tana kiran kanta maƙiyiyar mulkin mallaka, amma tankokinta ne suka murƙushe mutanen Hangari a 1956, kuma a 1968 dakarun Ƙawancen Waso suka mamaye Cekoslobakiya, wadda memba ce a cikinsa. Wanda ya yi wa ɗan gida haka, me zai yi wa baƙo?

Mutanen Najeriya na farko sun fi wasu na yau gane wannan. A 1960 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta ƙulla yarjejeniyar tsaro da Ingila, wadda ta ba jiragen yaƙin Ingila damar ratsa sararin ƙasar da yada zango. Ɗaliban Ibadan suka yi tattaki zuwa majalisa a Legas, 'yan adawa suka tashi tsaye, har aka soke ta a watan Janairun 1962. Ba tutar wata ƙasa suka ɗaga ba. Cewa suka yi a bar musu tasu. Shekara guda kafin nan, wannan gwamnati da ake yi wa kallon 'yar gaban goshin Turawa ta yanke hulɗa da Faransa saboda gwajin nukiliya a Sahara. A 1967 kuma, da Amurka ta ƙi sayar da makamai, Ingila ta hana jiragen yaƙi, gwamnatin Yakubu Gowon ta sayo jiragen MiG daga Sobiyet, aka sauke su a Kano. Ta karɓi kaya, ba ta shiga ƙawancen kowa ba.

Yanzu Nijar ta sallami sojojin Faransa a 2023 da na Amurka daga Agadas a 2024, kuma a shekarar ne sojojin Rasha masu ba da horo suka sauka a Yamai. Sallamar baƙon soja haƙƙin kowace ƙasa ne. Amma mai ilimin da ke koya wa matasa cewa sauya ubangida shi ne 'yanci, gudun gara yake koya musu su faɗa gidan zago. Farashin buhun taki a Maƙarfi da lalacewar tumatir a hanyar Ikara a Abuja da Kaduna ake yanke hukuncinsu, kuma can ya kamata masu ilimi su kai ƙorafin, da tutar da ɗaliban 1960 suka kare.