Ina ruwanmu da guguwar Iceland?

Daga Disamba zuwa Fabrairu, muna fama da hunturu a Legas da Onitsha, arewacin tekun Atlantika kuwa guguwa ce ba ƙaƙƙautawa. Dalili shi ne teku ba ya saurin hucewa kamar ƙasa. Sanyi ya daskarar da Greenland da Kanada, amma ruwan da ke gangarowa daga gaɓar Amurka yana nan da ɗuminsa. Iskar da ke kansa sai ta yi sama, nauyinta ya ragu, mai sanyi ta rugo ta cike gurbin, juyawar duniya ta sa ta kewaye. Guguwa ɗaya na mutuwa kusa da Iceland, wata na bin sawunta har sanyi ya wuce.

To ina ruwanmu? Okporokon kasuwanninmu daga Norway da Iceland yake zuwa, kuma da sanyi ake kama yawancin kifin. In teku ya hargitse, jirage ba sa fita. Ni ɗan mai fataucin shanu ne, na san yadda jinkirin tirela ɗaya ke taɓa farashi a kara. 'Yan'uwa masu harkar kifi, ku dinga sauraron yanayin can ma.