FILIN MASU KARATU: Littafin da ya gwama tarihi da tatsuniya

Wanda ya fara iya karatu yakan ga girman takarda ƙwarai. Duk abin da aka buga da inji, sai ya ɗauka gaskiya ne. Amma takarda kamar ƙwarya take, abin da aka zuba mata shi take ɗauka, ko nono ko ruwa. A wannan wata filin zai duba wani littafi da ya nuna haka ƙarara.

Sunan littafin The Da Vinci Code. Wani mutumin Amurka mai suna Dan Brown ya rubuta shi, aka buga shi a shekarar 2003. An juya shi cikin harsuna fiye da 40, har da Faransanci a 2004. An sayar da fiye da miliyan 80. A 2006 aka mai da shi fim. Ɗan lakwal da ya dawo hutu daga Yamai ko Damagaram zai iya shigowa da labarinsa gari, don haka ya kamata a san shi.

Ga yadda labarin yake

A birnin Paris akwai wani babban gidan ajiye kayan tarihi da ake kira Louvre. Wata rana da dare aka harbe tsohon da ke kula da gidan. Kafin ya cika, sai ya bar wasu lambobi da kalmomi a rikice. Jikarsa Sophie Neveu da wani malamin jami'a, Robert Langdon, suka shiga warware su. Ƴan sanda na bin su, mai kisan ma na bin su. Daga Paris suka tsere Landan. Kowane kulli suka kwance, sai su tarar da wani a ƙarƙashinsa.

Babi-babin littafin gajeru ne. Kowane babi yana ƙarewa daidai lokacin da ran mai karatu ya tashi. Shi ya sa mutum zai ce bari ya ƙara shafi ɗaya, sai ya ga man fitila ya ƙare.

Kacici-kacicin da ke ciki

Wasu wasannin littafin suna da amfani ga mai koyo. Na farko shi ne sauya wurin baƙaƙe. A Hausa ma ana iya yin sa: baƙaƙen "dala" su ne na "lada", na "rago" su ne na "gora".

Na biyu lissafi ne: 1, 1, 2, 3, 5, 8, 13, 21. Kowace lamba jimlar biyun da ke gabanta ce. 3 da 5 sun ba da 8, 5 da 8 sun ba da 13. Wannan jeri ba ƙirƙirar Dan Brown ba ce. Ana kiran sa da sunan Fibonacci, wani mutumin Italiya da ya koyi lissafi a garin Bijaya na ƙasar Aljeriya, ya kuma rubuta littafinsa a 1202.

Na uku rubutun madubi ne. Leonardo da Vinci, mai zanen Italiya da ya rayu daga 1452 zuwa 1519, yakan yi rubutu daga dama zuwa hagu da baƙaƙe a juye. Sai an kara madubi ake karanta shi da sauƙi. Wannan ma gaskiya ne.

Inda gizo ke saƙa

Mai tatsuniya ba ya ruɗin kowa. Da ya ce "ga ta nan ga ta nanku", yara sun san Gizo da Ƙoƙi za su fito. Wannan littafi kuwa ya buɗe da wani shafi inda marubucin ya jera abubuwan da ya ce tabbas ne. Daga nan ruɗani ya faro.

Littafin ya ce akwai wata ƙungiyar asiri mai suna Prieuré de Sion, wadda aka kafa tun 1099. Ya ce Leonardo ya taɓa shugabantar ta. Ya ce tana ɓoye wani sirri, wai Annabi Isa ya auri Maryam Magadaliya, wai zuriyarsu ta wanzu a Faransa.

Da masana tarihi suka bi sawu, ga abin da suka samu. Wani Bafaranshe mai suna Pierre Plantard ne ya kafa ƙungiyar a 1956, a garin Annemasse. Tsakanin mutuwar Leonardo da wannan shekara akwai shekara 437. Daga baya Plantard da abokansa suka shirya takardun jabu masu jerin sunayen shugabanni da salsalar sarakuna. Suka kai su babban ɗakin ajiye littattafai na ƙasar Faransa. Duk wanda ya tarar da su a can sai ya gaskata, saboda girman wurin. A 1993 wani alƙali ya tsare Plantard da tambayoyi, ya amsa cewa shi ya ƙaga maganar. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Amma duk da haka, bayan shekara 10 ƙaryar ta sake fitowa cikin littafi, miliyoyin mutane suka karanta.

Maganar auren ma ba ta cikin littattafan Injila huɗu da Kirista ke riƙe da su. Mutumin da ke zaune dama da Annabi Isa a zanen Leonardo na birnin Milan, wanda littafin ya ce mace ce, masana zane sun ce almajiri Yohanna ne. Masu zanen wancan zamani sun saba zana shi saurayi marar gemu.

Akwai wasu kura-kuran. Littafin ya ce a taron manyan limaman Kirista da Sarki Kustantin ya kira a Nikiya a shekarar 325, da ƙyar wani ɓangare ya rinjayi wani. Tarihi ya nuna daga cikin ɗaruruwan da suka halarta, biyu kaɗai suka ƙi sa hannu a ƙarshe. Littafin ya ce ginin gilashin da ke farfajiyar Louvre yana da gilashi 666. Hukumar gidan ta ce 673 ne. Mai kisan da ke cikin labarin an nuna shi a matsayin ɗan zuhudu na ƙungiyar Opus Dei. Ƙungiyar tana nan, an kafa ta a Sifen a 1928, amma ba ta da ƴan zuhudu ko ɗaya.

Abin da ya biyo baya

Kirista da yawa sun ji zafin littafin. Ƙasar Labanan ta hana sayar da shi a 2004. Musulmi ma a wurare da dama sun nuna ɓacin rai, don Annabi Isa mai daraja ne a wurinsu. A Paris kuwa, baƙi sun yi ta tururuwa zuwa majami'ar Saint-Sulpice neman alamomin da suka karanta, har masu kula da ita suka kafa sanarwa cewa abin da littafin ya faɗa kan wurin ba haka yake ba.

Darasi ga mai karatu

Karanta labarin ƙirƙira ba laifi ba ne. Yana kaifafa ido, yana saba wa mutum da dogon rubutu. Laifin shi ne a ɗauko shi a kai dandali a ce tarihi ne, ko a yi wa maƙwabci gori da shi kan addininsa. Gari ɗaya ake zaune, rijiya ɗaya ake sha.

Dabarar marubucin ita ce gwama gaskiya da ƙirƙira. Sunan gari gaskiya, sunan mai zane gaskiya, sai a saƙa ƙarya a tsakani. Haka mai algus yake yi a kasuwa: gero mai kyau a bakin buhu, tsakuwa a ƙasa. Mai saye da wayo yakan zura hannu har gindin buhu.

Don haka duk takardar da ta zo hannu, ko littafi ne, ko takardar gona, ko ta mai tallan magani, mai karatu ya tambayi kansa. Wa ya rubuta ta? Yaushe? Me zai samu in an gaskata shi? Wane ne shaida ban da shi? In abin ya shige masa duhu, ya kai wa malamin yaƙi da jahilci ko wani da ya san fannin. Matambayi ba ya ɓata. Takardun Plantard sun kwana a gidan gwamnati, amma hakan bai mai da su gaskiya ba.

Aikin wannan wata

Wace lamba ce ke bin 21 a jerin da ke sama? Wace kalma ce za ta fito in an sauya wurin baƙaƙen "rama"? A gwada a allo lokacin darasi. Amsa tana fitowa a jaridar wata mai zuwa.