Wata Shidan Abubakar Imam da Sa'a Ɗayar Marubucin Yau

A shekarar 1936 Dokta Rupert East, shugaban Hukumar Talifi ta Zariya, ya nemi a ba shi aron wani matashin malami daga makarantar Midil ta Katsina na tsawon wata shida. Aka ɗauke wa malamin aji, aka tara masa littattafan hikayoyin Larabawa da na Turawa, aka ce ya zauna ya rubuta. Malamin shi ne Abubakar Imam, abin da ya fito daga wannan zama kuwa shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, wanda har gobe ba a daina karanta labarin aku da waziri a cikinsa ba.

Na tayar da wannan tarihi ne saboda wata tambaya da ɗalibaina, na yanzu da waɗanda suka gama, suka fi yi mini idan hira ta gangaro kan rubutu. Za ka tarar da mutum yana ɗauke da duniya guda a cikin kansa: birni a ƙarƙashin kogi, sarauniyar aljanu mai mulkin iskoki, takobin da ba ya fita kube sai a hannun maraya. Ya shekara biyar yana juya labarin a zuci, amma abin da ya sauka a takarda bai wuce babi biyu ba. Da safe aiki, da yamma cefane da kuɗin makaranta, da dare gajiya. Sai ya ce, “Malam, yaushe zan samu lokaci?” Wani na jiran hutun ƙarshen shekara, wani na jiran ritaya, wani har ya fara tunanin ajiye aikin gaba ɗaya. Kowannensu, ko ya sani ko bai sani ba, wata shidan Imam yake jira.

Abin da ake mantawa shi ne wata shidan nan lada ce ta aikin da aka riga aka gani. Tun a 1933, lokacin da East ya shirya gasar ƙagaggun labarai, Imam ya rubuta Ruwan Bagaja yana ɗan shekara 22, yana kuma shiga aji kullum. Yayansa Malam Bello Kagara, wanda ya kai Ganɗoki ƙasashen aljanu, malami ne a Kwalejin Katsina. Abubakar Tafawa Balewa, mai Shaihu Umar, malami ne a Midil ta Bauchi. Ashe ƙagaggen labarin Hausa a hannun ma'aikata aka haife shi, a ɗan lokacin da ya rage bayan an tashi daga aiki. Littafin farko a cikin matsi ake rubuta shi. Idan da rabon sarari, daga baya yake zuwa.

Sai dai mai rubuta labarin al'ajabi yana da wata wahala da ta keɓanta da shi. Wanda ke rubuta labarin kishi a wani gida a Fagge, ko ya ajiye alƙalami wata uku, da ya dawo zai tarar da Fagge tana nan inda ya bar ta, da titunanta da al'adunta. Duniyar da ka ƙaga kuwa babu inda take sai a kanka. Kai ka yanke cewa tafiya daga birnin sarki zuwa Dutsen Wuta kwana tara ce. Kai ka ƙa'ide cewa duk wanda ya yi aiki da zoben tsafi sai ya rasa shekara guda daga rayuwarsa. Ka yi nisa da labarin mako shida, waɗannan dokoki sai su fara zubewa kamar haddar da aka daina yi wa tilawa. Ka dawo ka sa jarumi ya kai Dutsen Wuta a wuni ɗaya, ko ya murza zoben sau goma bai ko yi furfura ba. Mai karatu zai yarda da doki mai fiffike, domin ya san gidan da ya shigo. Abin da ba ya yafewa shi ne marubucin da ya karya dokar da shi da kansa ya kafa.

Ko manyan wannan fage ba su tsira daga haka ba. J.R.R. Tolkien farfesa ne a Jami'ar Oxford ta Ingila, mai 'ya'ya huɗu, wanda yakan karɓi aikin duba takardun jarrabawar 'yan sakandare lokacin hutu don ya ƙara a kan albashi. A kan wata takardar jarrabawa da ɗalibi ya bari ba rubutu ya ɗora jimlar farko ta The Hobbit, littafin da ya fito a 1937. Ɗansa Christopher ya ba da labarin cewa tun yana ƙaramin yaro, idan uban na karanta musu labarin, yakan tsayar da shi ya ce ai wancan karon ba wannan launin aka ce ƙofar gidan take da shi ba, sai uban ya tashi ya je teburinsa ya rubuta gyara. Babban littafinsa kuwa, The Lord of the Rings, ya soma shi a 1937, bai kai ƙarshensa ba sai 1949, ba a buga shi ba sai 1954 da 1955. A tsakani akwai inda labarin ya tsaya cik kusan shekara guda, akwai kuma lokacin da ya koma yana lissafin kwanan wata don kada wata ya cika a wani babi alhali a wani babin na daren guda jinjiri ne.

Darasi biyu nake ɗauka daga nan. Na farko, kundi. Tun kafin babi na ɗaya, marubucin al'ajabi ya sayi littafin rubutu mai kauri, ya zana taswirar ƙasarsa ko da zanen yara ne, ya jera sunayen mutanensa da shekarunsu da dangantakarsu, ya rubuta nisan garuruwa, da abin da kowane sihiri ke iya yi da farashin da ake biya a kansa. Duk ranar da ya ƙara wa duniyar wani abu, ya shigar da shi nan take. Wanda ke da wunin Allah yana rubutu zai iya dogara da ƙwaƙwalwarsa. Ma'aikaci mai iyali, wanda zazzaɓin yaro ko aikin ƙarshen wata zai iya raba shi da labarin kwana goma, kundin nan ne zai riƙe masa duniyar har ya dawo.

Na biyu, kaɗan a kullum ya fi mai yawa jefi-jefi, kuma lissafin a fili yake. Kalma 300 ba ta kai shafi biyu na rubutun hannu ba, mai matsakaicin sauri zai yi ta cikin sa'a ɗaya. Idan an yi haka kwana biyar a mako, an samu kalma 1,500. A mako 40 an samu 60,000, wato cikakken littafi. Saura mako 12 a shekara, na bar su ga azumi da salla, biki da rasuwa, jinya, da makonnin da aiki ke cin mutum ɗungurungum. Da yayyafi kogi kan cika. Amfanin sa'ar kullum bai tsaya ga yawan kalmomi ba. Wanda ya taɓa labarinsa da safe zai wuni da shi a rai, a cikin A Daidaita Sahu ko a layin banki, gobe ya zauna ya san inda zai ɗora. Wanda ya bari sai ranar Asabar, rabin zamansa zai tafi wajen tuno inda ya tsaya.

To, daga ina sa'ar za ta fito? Octavia Butler, Ba'amurkiya baƙar fata da ta yi suna a labaran al'ajabi da na kimiyya, ta yi shekaru tana wanke-wanke da aikin masana'anta, har da duba soyayyen dankali kafin a zuba shi a leda. Ƙarfe biyu ko uku na dare take tashi ta yi rubutu kafin ta fita aiki. Littafinta na farko ya fito a 1976, a 1995 kuma ta zama ta farko cikin marubutan labaran kimiyya da ta samu kyautar MacArthur. Ban ce kowa ya tashi ƙarfe biyu ba. Mu a nan muna da lokacin da al'ada ta riga ta tanadar mana: daga idar da sallar asuba zuwa lokacin da gida ke motsawa. Wayar hannu ce ta cinye wa yawancinmu shi. Duk wanda ya duba adadin sa'o'in da wayarsa ke nuna ya ɓatar a Facebook da TikTok a mako, zai ga inda littafinsa ya maƙale.

Akwai wurare biyu da ban yarda a ɗebo sa'ar daga cikinsu ba. Na ɗaya lokacin aiki. Malamin da ya bar ɗalibai suna surutu ya koma ofis yana gina fadar sarkin aljanu, ko ma'aikaciyar da ta bar mutane a layi tana ƙarasa babi, sun ci amana, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na biyu haƙƙin iyali, wanda shi ne aka fi yi wa ɓarna a ɓoye. Idan namiji ya rufe ƙofa ya ce kada a dame shi, akwai wadda ke riƙe da yaran a bayan ƙofar, sa'arsa daga jikinta aka yanko ta. Don haka roƙonta ake yi, a yi magana a fili: ga abin da nake son yi, ga lokacin da nake buƙata, ga abin da zan ɗauke miki a madadinsa. Ursula Le Guin, wadda ta rubuta A Wizard of Earthsea a 1968 tana da 'ya'ya uku, ta sha bayyana cewa mutum ɗaya ba zai iya cikakken aiki biyu ba, amma mutum biyu za su iya uku, tana nufin aikin mijinta na koyarwa, da rubutunta, da renon da suka raba a tsakaninsu. Mu ma mun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wannan magana ta fi nauyi idan marubuciyar ce matar gidan. Tun daga shekarun 1980, zamanin su Balaraba Ramat Yakubu, mata ne suka riƙe kaso mai yawa na rubutun zube a Hausa, gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 kuma ta ƙara nuna yawan masu baiwar. Amma bayan asubar da na ambata, ga mace lokacin ɗora ruwa ne da shirya yara. Idan ba a ɗauke mata wani abu ba, sa'arta sai dai ta fito daga barcinta, lafiyarta ta biya. Maigidan da ke alfahari da cewa matarsa marubuciya ce, ya nuna alfaharin ta hanyar fita da yara yammacin Asabar, ko duba musu aikin makaranta da kansa. Wannan ya fi sabuwar waya amfani ga littafin.

Ga mai tunanin ajiye aiki kuwa, ina roƙonsa ya dakata. Kasuwar ƙananan littattafan da ta bunƙasa a Kano a shekarun 1990, wadda littattafan yaƙi da na aljanu suka ci moriyarta, ta ja baya ƙwarai tun da karatu ya koma waya. Dandalin OkadaBooks, inda marubutanmu da dama suka riƙa sayar da aikinsu, ya rufe a 2023. Littafin da aka saya a yau, gobe ana yawo da shi kyauta a zaurukan WhatsApp. Marubucin da kuɗin haya ke jiran babinsa zai rubuta abin da ke saurin sayuwa, cikin gaggawa, gaggawa kuwa ita ce babbar abokiyar gabar ƙagaggiyar duniya. Albashi, komai ƙanƙantarsa, shi ke saya wa mutum 'yancin yin sannu. Saboda wannan dalili ne kuma nake ba mai labarin al'ajabi shawarar kada ya fara sakin shafi-shafi a Wattpad ko WhatsApp sai ya kammala rubutun farko. Yabon masu karatu na da daɗi, amma dokar da ka saki a babi na uku ta ɗaure ka, ko da a babi na ashirin ka gano ba ta dace ba.

A ƙarshe, kada marubuci ya ɗauki aikinsa da gidansa a matsayin masu tare masa hanya. Fadar aljanu ba ta rayuwa a takarda sai wanda ya rubuta ta ya san hassadar ofis, da fadanci, da yadda ƙaramin mai muƙami ke wulaƙanta na ƙasa da shi. Tsoron uwar da dodo ya ɗauke wa ɗa, wanda ya taɓa kwana a asibiti a gefen gadon ɗansa ne zai iya rubuta shi. Abin da ya sa Malam Zurƙe ɗan Muhamman bai tsufa ba shi ne kowa ya san irinsa a unguwarsu. Yaran gidan kuma su ne masu sauraro na farko, waɗanda ba su iya kara ba: inda suka fara hamma, a nan labarin ya yi sanyi, inda suka ce “sai me ya faru?”, a nan yake da rai.

Wanda ke da duniya a kansa, ya sayi kundinsa a wannan makon, ya zauna da iyalinsa a yanka masa sa'arsa da yardar kowa, gobe bayan asuba ya rubuta kalma 300 na farko. Allah ya yi wa alƙalami albarka. Sai mako mai zuwa, idan mai kowa ya kai mu.