Gilashi Ba Ya Karatu

A 'yan shekarun nan wasu daga cikin malamanmu sun kamu da wani sabon ɗoki: wai an samo maganin mantuwa, za a zuba ilimin duniya cikin gilashi, kowa ya huta. Ina ja da wannan magana.

Ba na musun fasahar. Tun 2013 masana a Jami'ar Southampton ta Ingila suka nuna cewa hasken leza mai ƙiftawa da tsananin sauri yana iya zana ɗigogi ƙanana a cikin jikin gilashi, ɗigogin su riƙe rubutu. A 2019 kamfanin Microsoft ya adana fim ɗin Superman na 1978 cikin wani gilashi mai faɗin milimita 75 da kaurin milimita 2. An tafasa irin wannan gilashi, an gasa shi, rubutun bai goge ba. Masu aikin suna hasashen zai kai shekara 10,000. Madalla.

To, amma wa zai karanta? Mutanen Merowe a ƙasar Sudan sun sassaƙa rubutunsu a kan duwatsu, duwatsun kuwa suna nan. Wajen 1911 Griffith ya gano lafazin haruffansu, amma yawancin ma'anar ta gagari masana, domin masu harshen sun ƙare. Dutse ya cika alkawarinsa, mutane ne suka yanke. Gilashi ma ya fi dutse tsanani: ido ba ya ganin ɗigoginsa sai da madubin ƙara girma da na'ura mai ƙwaƙwalwa, kuma mai na'urar shi ke zaɓen abin da ya cancanci ajiya.

Mu dubi gida. Littattafan ajami suna ajiye a cibiyar IRSH ta Yamai, muryoyin dattawa suna cikin faya-fayan CELHTO, wasu takardun kuma suna cikin gafakar malamai a Damagaram da Tawa, gara na zagayensu. Ɗalibai nawa muka koya wa karanta su? Ƙungiyoyi nawa suka zauna suka kwafe ko da littafi ɗaya?

Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Gatarinmu shi ne aji, da allo, da yaron da ya iya ajami da boko. In muka yi sakaci da shi, duk abin da aka zuba mana cikin gilashi ya zama kabari mai ƙyalli.